Abin da na goya daga Rena zuwa Lillehammer

A Funtuwa aka haife ni, can na yi firamare, daga nan aka kai ni makarantar kwana ta 'yan mata. Ban yi fice a lissafi ko Turanci ba, amma idan lokacin gasar wasanni tsakanin gidajen makaranta ya zo, kowa ya san ni. Gudun dogon zango nake yi, ƙafa ba takalmi, kuma da wuya in bar wata a gabana. Da na fara zama budurwa sai gwaggona ta je ta samu Baba, ta ce bai dace 'yarsa ta riƙa zagaya fili a guje maza suna kallo ba. Baba bai ce komai ba. Inna ce ta kira ni ɗaki ta ce, "Ke 'yar nan, gudun nan ya isa haka." Na bari. Ban ma ji zafin abin ba a lokacin, don duk sa'o'ina haka suka ajiye abin da suke so suka fuskanci aure.

Maigidana malamin jami'a ne. Bayan aurenmu ya samu gurbin karatun digiri na uku a Umeå, wani gari a arewacin Suwidin. Ya tafi, daga baya na bi shi. Mu 'yan Funtuwa muna taƙama da sanyi, idan baƙo ya zo daga Sakkwato da hunturu har dariya muke masa. Umeå ta rufe mini baki. Sanyin ma da sauƙi tunda gidajen akwai ɗumi, duhun ne ban shirya masa ba. A ƙarshen Disamba rana kan fito wajen tara da rabi na safe, ta faɗi kafin biyu na rana. Azahar da la'asar da magariba duk sai su taru wuri guda, kina sallame wata ana jiran ki da wata. Daga Nuwamba har Afrilu ni dai daga gida sai ajin koyon yaren ƙasar, sai kanti. A zuciyata zaman jiran komawa nake yi, garin ba nawa ba ne, ƙanƙararsu kuma ta su ce.

Ina cikin wata na tara na cikina na fari motsi ya tsaya. Muka je asibiti da dare, aka duba, aka sake dubawa, sai na ga likitar ta ajiye abin da ke hannunta ta jawo kujera ta zauna kusa da ni. Kafin ta yi magana na gane. Na yi naƙuda kamar kowace mace, na haifi ɗa namiji, kammalalle, da gashinsa da faratansa. Suka ba ni shi na riƙe, suka auna shi suka rubuta a takarda: kilo uku da ɗan wani abu. Maigidana da wasu 'yan uwa daga masallaci, yawanci Somaliyawa da Larabawa, suka kai shi makwancinsa. Ni kuma na koma gida da kayan jarirai a jere, har da zanen goyo da majanyi da Inna ta aiko mini ta hannun wani ɗalibi.

Da a Funtuwa ne, gida zai cika. Masu gaisuwa su shiga su fita, a ɗora tukunyar ruwan zafi, a dama kunun kanwa, wata tsohuwa ta zauna a bakin gado ta ba ki labarin nata da ta binne. Ba za a bar ki ke kaɗai da tunaninki ba ko da kina so. A can babu ko ɗaya. Inna ta so zuwa, amma maganar biza da kuɗin jirgi ba abin kwana biyu ba ne. Nono ya kawo, babu mai sha. A waya kowa abu ɗaya yake faɗa: Allah ya sa mai ceto ne, ki yi haƙuri, wani na tafe. Na san gaskiya suke faɗa, ina amsawa da amin, in ajiye waya in juya wa bango.

Haka na shiga wani hali da ban san sunansa ba. Ba na cin abinci sai an matsa mini. Da rana barci, da dare ido biyu. Idan na hango mace tana tura keken jariri sai in canja hanya, daga baya ma na daina fita gaba ɗaya. Maigidana ya rasa yadda zai yi, ranar nan ya zauna a gabana ya ce, "Don Allah ki taimake ni mu je a ga likita, ina tsoron in rasa ku biyu." Muka je. Aka ce ciwon damuwa ne, aka haɗa ni da mai ba da shawara da nake zuwa muna magana, aka kuma gano sinadarin bitamin D ya yi ƙasa sosai a jikina, abin da ke yawan samun masu baƙar fata a ƙasar da rana ba ta da ƙarfi rabin shekara. Akwai waɗanda da suka ji suka ce raunin tawakkali ne. Ina so mai irin wannan magana ya sani ban taɓa barin salla ba a duk tsawon lokacin nan, kuma addu'ar da na yi a watannin ta fi wadda na yi a duk rayuwata. Ciwo ne, kuma neman maganinsa bai rage mini imani da ƙaddara ba.

A ƙasan benenmu akwai wata tsohuwa, ta haura saba'in, malamar makaranta ce da ta yi ritaya. Gaisuwa kawai ke haɗa mu. Ta ga cikina, ta kuma ga na dawo hannu biyu, ba ta taɓa tambaya ba. Wata safiya a cikin Janairu ta ƙwanƙwasa ƙofa, hannunta riƙe da wasu dogayen katakai sirara guda biyu na zamiyar ƙanƙara da sanduna da takalma. Ta ce na 'yarta ne da ta koma kudu, kuma ita ƙafarta ta fara rauni, ba ta son shiga daji ita kaɗai. Daga baya na gane wayo ta yi mini, don ta fi ni ƙarfin ƙafa nesa ba kusa ba. Kunya ce ta fitar da ni, ba sha'awa ba. Ba a yi mini tarbiyyar tsohuwa ta nemi rakiya in ce a'a ba. Tun daga ranar nake ce mata Kaka, na bayyana mata dalili, ta karɓa.

Mutane da yawa idan suka ji zamiyar ƙanƙara, abin da ke zuwa musu shi ne masu gangarowa daga kan dutse a guje. Wannan daban ne. Namu tafiyar ƙasa ce mai nisa, a hau tudu a sauka, da ƙarfin jiki kawai. Mota ce ta musamman ke bi ta daddale dusar ƙanƙarar ta zana gurbi biyu a jere, ki sa katako ɗaya a kowane gurbi. Yatsun takalmin ne kaɗai ke maƙale da katakon, dunduniya a sake take. A tsakiyar katakon ta ƙasa ana shafa wani danƙo, idan kika danna ƙafa ya kama ƙanƙara ki tura, idan kika ɗaga ya saki ki zame. Danƙon kala-kala ne gwargwadon sanyin ranar, wanda ya yi aiki jiya zai iya ƙin yi yau, shi ya sa masu koyo irina suka fi son katakon da aka manna wa wani ƙyalle mai gashi a maimakonsa. A gefen garin akwai hanyoyi cikin daji da aka jera wa fitilu, don mutane su fita bayan aiki ko da duhu ya yi.

Faɗuwa kam na sha ta. Yara 'yan shekara biyar suna wuce ni suna waige. Kaka ba ta ɗaga ni, sai ta tsaya ta nuna mini yadda zan tattara ƙafafuna in tashi da kaina. Amma daren farko da na dawo, jikina duk ciwo, na kwanta bayan isha ban farka ba sai asuba. Rabona da irin wannan barci tun kafin asibiti. Abin da ya mayar da ni ke nan washegari, barcin nake nema. Sannu a hankali sai na fara jin wani abu da na sani tun ina makaranta, lokacin da numfashi da ƙafa suka daidaita, kai ya yi shiru. Mai gudun nan da aka ce ta bari, ashe tana nan.

Maganar ta kai gida, don hoto ba ya ɓuya. Wata daga dangin maigidana ta ce an kai ni Turai na zama 'yar wasa maimakon in nutsu in nemi wani cikin. Shi kuwa cewa ya yi, "In dai za ki ci abinci ki yi barci, ni ban ga laifi ba." Batun sutura ma bai zama matsala ba. A kan ƙanƙara kowa a rufe yake ruf, na sa ƙaramin hijabi a ƙarƙashin hula, ga kuma wani siket mai ɗumi da matan ƙasar da kansu suke ɗorawa a kan wando. Abin da na koya da wuri shi ne auduga ba ta yi, tana shan gumi ta yi sanyi a jiki. Ulu ake sawa a ciki.

Kaka ce ta fara yi mini maganar Vasaloppet, wata babbar gasar tseren zamiyar ƙanƙara. A Suwidin babu wanda bai san ta ba, ranar Lahadin farko ta watan Maris mutane kan tashi da sassafe su kunna talabijin saboda ita. Kilomita 90 ce daga Sälen zuwa Mora, an fara ta a 1922 don tunawa da Gustav Vasa, wanda ya bi wannan yanki yana gudun sarkin Denmak kafin mutanen Mora su aika a dawo da shi ya jagorance su, har ya zama sarki a 1523. Abin da ya fi jan hankalina shi ne labarin mata. A 1923 wata mata, Margit Nordin, ta shiga ta gama cikin sama da awa goma. Shekara na zagayowa aka hana mata shiga, kuma ba a sake buɗe musu ƙofa ba sai 1981. Kaka ta ce ita da idonta ta ga zamanin. Na yi dariya na ce ashe gwaggona tana da 'yan uwa a nan. Akwai kuma tseren mata zalla, Tjejvasan, kilomita 30 daga Oxberg zuwa Mora, da aka fara a 1988. Da shi na fara, na gama a can baya, amma na gama.

Sai na ɗauka tunda na yi talatin, casa'in ma lissafi ne. Bayan annobar korona ta lafa na yi rajistar babbar. Mun kwana a ƙasan ajin wata makaranta da ɗimbin mutane, aka kwashe mu a bas tun dare bai gama ba. A filin tashi mutum kusan dubu goma sha shida ne, an raba su rukuni-rukuni gwargwadon abin da suka taɓa yi, mu da ba mu da tarihi muna na ƙarshe. Da ƙarfe takwas aka saki mutane, sai ga wani dogon tudu tun farkon hanya, kowa ya cunkushe, tafiyar ta koma taku ɗaya a tsaya. Lokaci kuwa yana tafiya. A kowace tasha akwai igiya da ake ja a tare hanya idan lokacin tashar ya cika, duk wanda bai wuce ba a cire shi. Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa. A wannan hanya tana hanawa. Na wuce Smågan da Mångsbodarna da Risberg ina shan romon 'ya'yan itacen nan mai ɗumi da aka san gasar da shi, hannuwana suna mutuwa a hankali. Ina isa Evertsberg, wajen rabin hanya, na tarar an ja igiyar.

A cikin bas ɗin da ke kwashe waɗanda aka cire babu mai magana. Na zauna kusa da taga sai wani tunani ya zo mini da ban gayyace shi ba: kin sake kai abu kusa da ƙarshe kin dawo hannu biyu. Na yi kuka sosai, wani dattijo a gefena ya miƙo mini ruwan shayi, yana zaton gasar nake yi wa. Na koma gida na jingine katakan a bayan ƙofa, na ce na gama. Mai ba ni shawara ce ta tambaye ni ko don lambar yabo na fara fita dajin. Na ce a'a. Ta ce to me ya canja? Ban ba ta amsa ba, amma da rani na sayi katakan zamiya masu taya, na hannu, waɗanda ake atisaye da su a kan kwalta, na fara koyon tura jiki da sanduna biyu lokaci guda, don a nan ne ƙarfina ya gaza.

Ban yi niyyar fita wata ƙasa ba sai da na ji labarin wata gasa a Norwe, Birkebeinerrennet. Kilomita 54 ce daga Rena zuwa Lillehammer, ta kan duwatsu, ana yin ta tun 1932. Asalinta a shekarar 1206 ne, lokacin yaƙin basasa, wasu mayaƙa biyu suka ɗauki wani ƙaramin yaro ɗan sarki, Håkon, suka tsallaka duwatsu da shi a kan katakan zamiya don kada abokan gaba su kashe shi. Yaron ya rayu ya yi sarauta. Saboda haka duk wanda zai shiga gasar dole ya goya jaka mai nauyin aƙalla kilo uku da rabi daga farko har ƙarshe, a madadin yaron. Wani abokin aikin maigidana ne ya faɗa muna cin abinci, a matsayin abin ban dariya. Ni cokali na ajiye. Kilo uku da rabi. A daren na ce, "Malam, ina so ka kai ni Norwe." Ya dube ni ya ce, "Wadda ta ce ta gama?" Na ce ita.

Tafiyar ba ta yi wuya ba. Norwe ba ta cikin Tarayyar Turai amma tana cikin yarjejeniyar Schengen da ta buɗe iyakoki tsakanin ƙasashen da ke cikinta, fasfona na Najeriya da katin zama na Suwidin sun wadatar. A jakar ana son a ga rigar tare iska da kayan canji da abinci da abin sha, don saman dutsen fili ne babu bishiyar da za ta kare mutum, har an taɓa soke gasar saboda iska a 2007 da 2014. Idan kayan ba su kai nauyin ba mutane kan ƙara wani abu su cike. Ni zanen goyon da Inna ta aiko na ɗauko daga ƙasan akwati inda na ɓoye shi, na naɗe kayan a ciki na sa a jaka. Ban gaya wa kowa ba. Kada a fahimce ni ba daidai ba: na san ɗana yana wurin Ubangijinsa, ba ya cikin jaka, kuma ban ɗauki abin a matsayin wata ibada ba. Bayana ne kawai bai taɓa jin nauyinsa ba. Na ɗauke shi a ciki, na riƙe shi a hannu na ɗan lokaci, amma goyo, wanda duk 'yar Bahaushe ta fara koyonsa da ƙannenta tun tana ƙarama, ban samu ba.

Daga Rena hawa ake yi, hawa mai tsawo cikin daji, har bishiyoyi su fara gajarta su ƙare. Da farko jakar ba komai ba ce. Wajen kilomita ashirin ta fara magana, igiyoyinta suna cin kafaɗa, gumi ya jiƙa bayana a daidai inda take. A nan ne abin ya zo mini. Na riƙa lissafin da yana raye da yanzu ya isa shiga makaranta, da wane yare zai fi ji, da zai yi gudu irin nawa ko a'a. Tunanin da na shekara da shekaru ina gudu, sai ga shi ina yin sa ina tafiya, kuma bai kayar da ni ba. Na yi kuka a saman dutsen, hawayen suna daskarewa a gefen tabarau, ƙafata ba ta tsaya ba. Mutanen Norwe kan fito su haƙa mazauni a cikin dusar ƙanƙara a bakin hanya, su hura wuta suna yi wa kowa kirari, har da mu na baya. Wata mata ta miƙo mini ɓarin lemo ta ce saura kaɗan in kai Sjusjøen, daga can gangara ce. Gangarar ta fi hawan ba ni tsoro, ga gajiya ga gudu, na bi ta a hankali ina jan birki da ƙafa.

Da na tsallake layin ƙarshe maigidana yana tsaye da fulas. Ya karɓi jakar don ya ciro mini busasshiyar riga, ya buɗe, ya ga zanen. Ya daɗe yana kallonsa. Sai ya ce, "Sannu da hanya, kin sha goyo." A masaukinmu a daren muka yi maganar yaron, da sunan da muka so sa masa, da ranar da ya kai shi makabarta, abin da bai taɓa ba ni labari ba don yana ganin ba zan iya ji ba. Ashe shi ma yana ɗauke da nasa, ni ban tambaya ba shi bai faɗa ba. Bayan mun dawo, wata 'yar Nijar da ke garinmu ta haihu, na wanke zanen na kai mata, na kuma zauna na yi mata abin da na iya na jego.

Daga nan ƙafata ta buɗe. Akwai wata ƙungiya, Worldloppet, da aka kafa a Uppsala a 1978, ta haɗa manyan tseren nan na ƙasashe daban-daban. Suna ba da wani ɗan littafi da ake buga wa hatimi duk gasar da mutum ya gama. Wanda ya tara goma daga ƙasashe goma, ɗaya aƙalla a wata nahiya, sai a ba shi lambar gwani. Na karɓi nawa littafin. Na je Estoniya na yi ta Tartu, kilomita 63 daga Otepää zuwa Elva, mai sauƙin kuɗi da sauƙin kai. Wadda ta fi shiga raina ita ce Marcialonga a Italiya, kilomita 70 daga Moena zuwa Cavalese, Lahadin ƙarshe ta Janairu, tun 1971. Ita ba daji take bi ba, ta tsakiyar ƙauyuka take ratsawa, a shimfiɗa ƙanƙara a kan titi, tsofaffi a bakin ƙofa suna kaɗa ƙararrawa. A ƙarshenta akwai wani tudu mai tsayi da ke zuwa daidai lokacin da mutum ba shi da sauran komai a jiki. Kuma suna da wata al'ada da ta burge ni: wanda ya zo na ƙarshe ana tarbarsa a rataya masa kambun ganye yadda aka yi wa na ɗaya. Ban zo ta ƙarshe ba, amma ban yi nisa da shi ba.

Kada wata ta karanta wannan ta ɗauka abin masu kuɗi ne kawai, ko kuma ta ɗauka kyauta ne. Ina aiki yanzu a gidan kula da tsofaffi, daga albashina nake ware kuɗin rajista da na jirgi, kayana kusan duk na hannu ne. Gasa ɗaya ko biyu a shekara ita ce iyakar ƙarfinmu, kuma sai an haƙura da wani abu, tunda ga hidimar gida Najeriya ba ta tsayawa. Maigidana ke raka ni, shi ba ya hawa, ya ce shi aikinsa riƙe fulas. A hanya nakan haɗa azahar da la'asar tunda matafiya ce, in nemi gefe a bayan wata tasha in shimfiɗa riga. Abinci kuma sai na tambaya, musamman a Italiya inda naman alade ke shiga abin da ba ki zata ba. Baƙar fata a irin wannan taro kan yi wuyar gani, ana kallona, wasu su nemi hoto. Yawanci kallon mamaki ne, ba na ƙi ba. Da Samuel Ikpefan, haifaffen Faransa, ya wakilci Najeriya a wannan wasa a gasar Olamfik ta hunturu ta 2022 a Beijin, na tura wa Inna hotonsa don ta ga ba ni kaɗai ce mai wannan hauka ba. Ta ce shi ai namiji ne. Amma yanzu duk ranar da zan yi tsere sai ta kira da asuba ta ce, "Allah ya tsare, ki rufe kunnuwanki."

Har yau Allah bai ba mu wani ɗan ba. Muna zuwa asibiti, muna addu'a, maganganun dangi kuma ba su ƙare ba, wasu ranakun suna yi mini nauyi. Damuwar ma ba ta tafi gaba ɗaya ba, duk Nuwamba takan leƙo, musamman kafin dusar ƙanƙara ta sauka, lokacin da garin yake baƙi ƙirin ga ruwan sama. Bambancin shi ne yanzu na san alamunta, na san wanda zan kira, kuma ina jiran hunturu maimakon in ɓuya masa. Kaka ta daina hawa, gwiwa ta hana ta. Ran Asabar nakan ɗauki wasu mata baƙi irina, 'yan Somaliya da Eritiriya da Siriya, mu shiga hanyar fitilun nan da katakan aro. Wasu sukan zo sau ɗaya su ce sun yafe. Wasu suna dawowa.

Kilomita casa'in ɗin da igiya ta tare ni, na koma na gama su, amma ba a babbar ranar ba. A 2025 gasar ta faɗo 2 ga Maris, azumi ya riga ya kama. Na san matafiyi yana da sauƙin ya sha ya rama, na tambaya an kuma tabbatar mini, amma zuciyata ba ta kwanta da in ajiye azumin Ramadan saboda tsere ba. Sai na shiga wadda ake yi kwanaki kafin nan a kan hanyar dai, Öppet Spår, inda ake sakin mutane kaɗan-kaɗan babu cunkoson tudun farko. Na shiga Mora da duhu, ƙafafuna ba sa jin magana. Babbar ranar kuwa tana nan a raina. Azumi yana matsowa da kusan kwana goma sha ɗaya duk shekara, na duba kalanda na ga Lahadin farko ta Maris ba za ta fita daga cikinsa ba sai 2028. In Allah ya kai mu da rai da lafiya, a waccan shekarar zan yi rajista. Kafin nan akwai maganar gasar wata nahiya da littafin hatimin yake nema, Kanada ko Japan, wadda ni da Malam muke ta ja-in-ja a kanta, shi yana lissafin kuɗin jirgi, ni ina lissafin shekaruna.